Zuwa ga Malam A-bar-mu

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwar da na san ba mai amsa ta. Ba za ka karanta wannan ba, da kana raye ma cewa za ka yi in faɗa da baki, takarda ai ta ma'aikata ce. Yau dai sai ka yi haƙuri, bakin ya rasa wanda zai faɗa wa.

Gida lafiya lau. Geron gonar gabas ya fid da kai, ɗanka Habibu ya samu adaidaita-sahu yana jigila zuwa Bacirawa. Har yanzu in yara za su yi kwatance, cewa suke gidan Malam A-bar-mu. Ka tuna yadda sunan ya bi ka? Ko me aka zo da shi, rabon taki ne, rajistar manoma ce, kai dai a bar mu. A wurinka aikin hukuma shi ne ta kama ɓarawo, ta raba masu rigima, sauran ta cire hannu, mutum ya noma abin da ya ga dama, ya sayar wa wanda suka shirya. Babban tsoronka kada mutane su saba da jira.

Ni kuwa 'yar gwamnati kake ce mini, don babana ya yi masinja a sakatariya. Kai, mun sha musu! Abin da ban taɓa gaya maka ba, rabin musun nan tsokana ce kawai. So nake ka ajiye ƙwaryar fura ka juyo ka yi ta bayani, ni kuma in yi ta kallon ka. Amma maganar asibiti ban janye ba. Ranar da ciwo ya kayar da kai, da akwai likita a kusa, wa ya sani? Nan kam ba ka ci musun ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kwarin bayan maƙabarta ne. Duk shekara kafin ruwa ya sauka kai kake kiran gayya, maza su fito su jera buhunan yashi, su dasa kashe-kwari a gefe don ya riƙe ƙasa. Bayan rasuwarka wasu suka zo a mota, suka yi awo, suka kafa allo, suka ce an ba da kwangila, kada kowa ya taɓa wurin. Aka yi ta murna, har da ni, wallahi. Yanzu allon ya yi tsatsa, ko tifa ɗaya ba mu gani ba. Mai unguwa ya ce a ƙara haƙuri, wai in muka gyara da kanmu za a ce ba ma buƙata, a kai aikin wani gari. Sai kowa ya naɗe hannu.

Ruwan da aka yi ranar Juma'a ya cinye shingen buhunan da kuka jera. Habibu ya dawo ya kasa kallon idona, da ƙyar ya ce kwarin ya kusa layin da kake kwance.

Wayyo Malam! Ban taɓa taka wurin ba, ka san mata ba ma zuwa. Amma ta saman katanga ina hango tsamiyar da aka ce kana gindinta, kullum in na shanya hatsi sai na tsaya na dube ta. In ruwa ya tafi da kai, ina zan riƙa duba? Ina kewarka, kewa mai tsanani. Na rasa muryarka, yanzu kuma in rasa inda kake?

Mace ba ta kiran gayya, na sani. To amma abincin gayya wa yake dafawa? Na jiƙa gero, na tura Habibu gida-gida ya ce gobe da hantsi akwai tuwo da fura a bakin kwari. Duk wanda ya sa hannu a akushin nan ya san abin da ya ci. Na fito da sheburinka na goge shi. Allon nasu ba za mu taɓa ba, a inuwarsa za a ajiye furar, ya yi amfani ko sau ɗaya.

Ban san mutum nawa za su fito ba. In masu motar suka dawo suna tambayar wa ya ba mu izini, amsarka zan ba su, wadda na yi shekaru ina yi maka dariya a kanta. Kai ma ita nake roƙa maka: a bar ka inda aka ajiye ka, har in zo.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sada mu da alheri. Sai na iso.

Taka har kullum,
'Yar gwamnati