Ranar Wasan Ɗan Baba Yakubu

Asabar da dare, unguwar Kudenda.

Yau manajan gidajen kamfani ya sa na cire ɗakunan leburori daga rukunin masu kallon tashar ƙwallo. Na shiga na'urar da ke raba tashoshi na toshe layinsu, gidajen manya kaɗai na bari.

Ashe yau za a fara nuna ɗan Baba Yakubu mai gadi yana wasa. Baba Yakubu ya tara maƙwabta a ɗakinsa na layin leburori, talabijin ta yi baƙi. Ya iso wurina yana haki: "Ɗana, taimaka, ko rabin wasan ne."

Na kira manaja a waya a gabansa. Manajan ya yi dariya ya ce, "Idan yaron ya ci ƙwallo, zan aiko a faɗa masa."

Yaron ya ci. Manaja bai aiko kowa ba.