Shinkafar da Na Bi Abah da Ita Cikin Teku

Tsibirin Lintang

Kak Masni,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Mama da 'yan biyunki.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba na son dawowa gida. Na san za ki ce saurayi ne, ni ma da haka na zata. Akwai wani ɗalibi, Gilang, da ya zo auna kunkurun teku, mai dogayen yatsu irin na samarin littattafaina. Ranar da ya tafi na zauna bakin ruwa ina jiran hawaye, shiru. Ashe ba shi nake bi da ido ba, igiyar awon da ke hannunsa ce.

Wanke-wanken hutu aka kawo ni, amma a sansanin nan na masu kare kunkuru kowa da ranar girkinsa, har Bu Wulan shugabarmu, wadda kullum sai shinkafarta ta kama. Jiya Pak Darwis mai gadi ya ɗaga ƙanzo ya ce, "Bu, wannan na ci ne ko na toshe ɓular jirgi?" Ta ce, "Ci ka yi shiru, tsoho. Haƙora nawa suka rage maka da kake tausaya musu?" Faranti ɗaya muke zagayewa a kan tabarma, kifi da ganyen rogo da madarar kwakwa. Da safe ni ke duba ramukan ƙwai, in raka 'yan kunkurun da suka ƙyanƙyashe zuwa ruwa. Bu Wulan ta ce za ta riƙe ni ta koya mini aikin, in mahaifinmu Abah ya amince.

Abah fa! Kin san mutanen nan ne suka hana shi haƙar ƙwai, sana'ar da ya gada, ya koma yi musu dakon shinkafa da ruwan sha a jirginsa. Don Allah ki faɗa masa a madadina. Waya ba ta kamawa a nan, shi da kansa zai kawo miki wasiƙar, bai san me ya ɗauko ba.

Ƙanwarki,
Salbiah

*

Biah,

Wa alaikumussalam. Kowa lafiya, 'yan biyu ne dai suka hana ni sakat.

Igiyar awo! Duk littattafan soyayyar da kika tara a ƙarƙashin katifa, a kan kunkuru suka ƙare? Na yi dariya har Mama ta leƙo.

Amma ba zan faɗa masa ba. Tun kina ƙarama nake yi miki baki, ya isa. Ki sani ya riga ya nema miki aiki a shagon magani a gari, ƙarshen wata zai ɗauko ki. Kuma ki lura: tun da ya fara kai musu kaya bai taɓa cin lomarsu ba. In an yi masa tayi, da yatsa kawai yake taɓa farantin, don kada tsautsayi ya bi shi a teku. Mutumin da za ki tunkara ke nan.

Ki riƙa rufe kanki, Abah ya ce rana ta ƙona ki.

Yayarki,
Masni

*

Kak Masni,

Gaisuwa mai yawa.

Yau ranar girkina ce, na yi miyar kifi da tsamiya yadda Abah yake so. Ya shigo da buhu a kafaɗa, ya gan ni da igiyar awo a wuya, na manta ban cire ba. Na ce, "Abah, ga abinci." Ya dubi igiyar, ya sauke buhun, ya juya.

Bai taɓa ba, Kak. An yi masa tayi, teku zai shiga, bai taɓa ba.

Pak Darwis ya daina tauna. "Subhanallahi! Yarinya, bi shi!"

Na damƙi shinkafa na ruga. Ya riga ya tura jirgi. Na faɗa ruwa har ƙugu ina ihu, ni da ko gaisuwa sai kaina a ƙasa. Ya kashe inji.

"Ke, kanki ɗaya kuwa?"

"Taɓa, Abah."

Ya daɗe yana kallon hannuna. Sai ya ɗiba ya kai baki.

"Wa ya dafa?"

"Ni."

"Ta yi ruwa."

Ya tada inji ya tafi. A littattafaina da nan aka fashe da kuka aka yafi juna. Ni kuwa na dawo da zani sharkaf, Pak Darwis yana cewa wai har yanzu tawa ta fi ta Bu Wulan. Ban san me cin nan yake nufi ba. Ko shinkafar mutanen sansani ce ya yarda ya ci, ko don tawa ce? Ɗan'uwan Pak Darwis zai kawo miki wannan.

Salbiah

*

Abah,

Ina gaishe ka da ladabi.

Ina so in zauna a tsibirin nan in koyi aikin kunkuru. Na san shi ya raba ka da sana'arka, ban manta ba. In ka ce a'a, zan shiga jirgi in bi ka, amma ina so ka san da wace zuciya na shiga.

Na yi niyyar cusa wannan a cikin buhun wofi, ka gani bayan ka isa gida. Na fasa. Ga ƙarar injinka ina ji. Da hannuna zan miƙa maka, in tsaya a gabanka har ka gama karantawa.

'Yarka,
Salbiah