Nas Ta Juya Kujerarta Wajen Auta

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan da sauƙi. Babanku lafiya lau, sai ƙorafin gwiwa. Tarin kakarku ya sake ta. Auta kuwa sukarinsa ya daidaita, har ya yi kumatu. Ni ce dai ba ni da lafiya, kuma ba irin ciwon da ake kaiwa asibiti ba ne.

Kin san tun Auta yana firamare ni ke yi masa allurar ciwon sukari. Don shi na shiga ajin manya da furfurata, saboda in riƙa karanta abin da na'urar gwaji ta nuna da kaina. To, an kawo sabuwar nas a asibitin da muke zuwa. Ranar da muka je na zauna kusa da tebur yadda na saba, na fara bayani. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta juya kujerarta wajensa, ta tambaye shi me ke ba shi wuya a wurin aiki. Yaron da ni sai na yi ta jan bakinsa, sai ga shi yana ta zuba. Wai a shagon ɗinki kunya yake ji ya buɗe abinci ana cikin aiki, sai ya yini bai ci ba, jiri na ɗibarsa a kan keke. Ni da ke zuba masa abincin kullum ban sani ba.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta faɗa masa hanyoyin da za a iya bi, da amfanin kowace da wahalarta, ta ce shi zai zaɓa tunda jikinsa ne. Kamar ba ni na yi jinyar jikin nan ba. Yanzu ƙofa yake rufewa ya yi allurarsa. Ko firij na buɗe in duba magani sai ya ce ya riga ya duba. Magana kaɗan, nas ta ce. Babanku dariya yake mini, wai ina kishi da yarinyar da na haifi sa'arta. Ban musa ba. Abin da ya fi ci mini rai, na nemi laifinta na rasa.

Ga dalilin rubutuna. Ta ce masa zuwa na gaba shi zai yanke ko in shiga tare da shi ko in jira a waje. Na tambaye shi, ya ce zai yi tunani. Ke yana sakin jiki da ke. Ki kira shi ki ji ra'ayinsa, amma kada ki roƙar mini shi, ba na son ya shigar da ni don tausayi.

Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan takwarata. Laraba ta sama za mu koma, don Allah amsarki ta riga ta isowa. In bencin jira a waje ne rabona, gara in ji daga gare ki, in gama kukana a gida, in raka shi fuskata a sake.

Mahaifiyarki.