Mijina ya kwance agogon babana don ya koya mini falsafa

Anti, ki taimake ni kafin in yanke hukuncin da zan yi da-na-sani.

Maigidana mai gwajin jini ne a asibiti. Shekararmu tara muna zaune lafiya, sai ya tsinci wasu littattafan falsafa, shi ke nan na shiga uku. Wai hankali ba komai ba ne illa tarin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kowace ita kaɗai ba ta san komai ba, kuma wai sannu a hankali abin ya taso daga ƙananan halittu cikin miliyoyin shekaru. In na yi fushi, ƙwayoyi ne. In na yi dariya, ƙwayoyi ne. Mutumin da kullum sai na nemo masa takalminsa fa.

Babana ya rasu wata huɗu ke nan. Abin da na ɗauko daga ɗakinsa agogon bango ne, irin wanda ake wanawa da ɗan makulli, kuma kowace safiya nakan wana shi yadda Baba yake yi. Ran nan ya tarar ina kuka a gaban agogon, sai ya sauke shi ya kwance a kan tebur, wai zai nuna mini babu wani lokaci a ciki, ƙarafa ne kawai, haka ma kewar da nake ji. Ya kasa mayarwa. Kayan cikin suna nan zube a kwano. Na kwashi yarana na taho gidan yayata, sati biyu ban ɗaga wayarsa ba. In koma?

Daga Marainiya

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba.

Maigidanki rabin littafi ya karanta ya hau wa'azi. Masana sun daɗe suna jayayya kan asalin hankali, amma ko waɗanda yake bi ba su ce kewa ƙarya ce ba. Cewa suka yi abu yana samuwa idan ƙananan sassa suka haɗu bisa tsari suna aiki tare. Shi kuwa ya tarwatsa tsarin da hannunsa, sannan ya tsaya yana neman abin a cikin tarkace. Wannan ba falsafa ba ce, ɓarna ce.

Sai dai ina zargin kukanki ne ya ruɗa shi. Wasu mazan in sun rasa yadda za su rarrashi mace, sai su ɓuya bayan ilimi. Ke ma shirunki bai gaya masa komai ba.

Ɗaga wayar. Ki ce ya kai kwanon nan wurin mai gyara da ƙafarsa, ya faɗi da bakinsa wanda ya yi aika-aikar. Sannan ya zo gidan yayarki ya ba ki haƙuri ba tare da ya ambaci ƙwaya ko ɗaya ba. In ya iya, ki koma. In ya fara bayani, ki bar shi a tsaye a ƙofa.

Allah ya sanyaya miki zuciya.