Wuƙar Kaka Mumuni Ta Faɗi Ranar Suna

Daga Zangon Kumasi zuwa Salaga, cikin watan Rajab.

Zuwa ga Gwaggona Sahadatu, gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara, Ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar da aka ce yana damun ki tun damina. Mu nan alhamdu lillahi. Innata Mariyama tana nan tana tuyar ƙosanta a ƙofar gida, ni kuma ina ɗaurin goro kamar yadda kika bar ni. Matar ƙanenki Baffa Wahabu ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunan mahaifinku, Kaka Mumuni. Abin da na gani da safiyar sunan nan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin san tun haihuwarku babu ragon sunan da wani ya yanka a gidan nan in ba Kaka ba. Ranar Talata, bayan an yi addu'a an raba goro, aka kayar da rago a gindin mangwaro, aka miƙa masa tsohuwar wuƙarsa mai ƙotar ƙaho. Sai da mutum biyu suka tashe shi daga buzu. Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ɗora wuƙa a wuyan rago. Ko fata bai keta ba, wuƙar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Mutumin da ya shekara arba'in yana kayar da bijimai a mahautar garin nan, Gwaggo. Kowa ya sunkuyar da kai, Liman Jibirin ya ɗauki wuƙar ya ƙarasa. Baffa Wahabu ne kaɗai ya sami bakin magana. Ya juya yana gaya wa baƙi cewa ga abin da yake faɗa kullum, jini ne ya yi wa tsoho yawa, a kira wanzami.

Bari in gaya miki inda ƙanenki ya yi karatun likitancinsa. Wata biyar da suka wuce ya kai wa kukun wani Bature kaji. Yana tsaye a bayan gida ya leƙa ta taga, ya ga likita ya naɗa wa Baturen wani ƙyalle a dantse yana matsa ƙwallon roba, ya toshe kunnuwa da igiya. Kuku ya ce masa jinin maigida ne ya hau, an hana shi nama. Shi ke nan karatu ya ƙare, ko zama ba a ce ya yi ba. Ya dawo gida ya tarar Kaka yana kukan ciwon ƙeya da jiri, wanda kin san yana yi masa tun kina nan, ya ce ya gano cutar. Ni na taɓa ganin Baturen nan, wuyansa ya kai turmi, fuskarsa ja kamar manja, mutum huɗu ke nishi in sun ɗauke shi a ragaya, gadon igiyar nan da ake ratayawa a sanda. Kaka kuwa iska mai ƙarfi sai ta kayar da shi. Amma a wurin Baffa cutarsu ɗaya. Har ya yagi bakin tsohon rawani yana ɗaure wa Kaka dantse duk Juma'a, ya kara kunne a gwiwar hannunsa ya yi shiru, ya girgiza kai ya ce yau ma ya hau. Sai a kira Garuba wanzami ya kafa ƙaho.

Baffa ya hana Kaka nama, ya hana ƙwai, ya hana nono, har wake ya hana, wai wake ɗan'uwan nama ne. Abin da ake kai masa dokunu ne, tuwon masarar nan na mutanen ƙasa, da ruwan miyar kobi, busasshen kifin da ke zuwa daga bakin teku fari fat da gishiri, shi ma a tsame kifin a ba shi ruwan. Mahautan da Kaka ya koya wa sana'a kuwa ba su fasa al'ada ba, kowace safiya suna aiko masa da tsoka da hanta a ganye. Baffa ke tarbar saƙon a zaure, ya ce zai yi sadaka da shi don tsoho ya sami lada. Ban san wane mabuƙaci yake ba wa ba. Na dai san an ƙara wa mazugin wandonsa faɗi, kuma ƙamshin hanta daga sashensa yake tasowa.

Ni ba likita ba ne, ko ta taga ban leƙa ba, amma ni ke kai wa Kaka buta. Na lura duk ranar da ya sha miyar gishirin nan sai ya yini riƙe da ƙeya, ƙafarsa ta kumbura. Watan jiya Baffa ya tafi sayen shanu kwana goma sha biyu, Inna ta riƙa ba Kaka ƙosai da safe, wake da rana, ɗan romon hanta ba gishiri, da nono in an samu. Kwana na tara da ƙafarsa ya je masallacin Asawase ya dawo, har ya tsaya ya yi wa wani mahauci faɗa a kan yadda yake fiɗa. Da Baffa ya dawo ya ji labari, ya ce mun so mu kashe masa uba, ya hana Inna shiga ɗakin Kaka. Ni kuma ya ce ɗan marigayi ba ya da baki a gidan da baffansa ke raye. Na ci gaba da kai buta.

To, ranar sunan Garuba wanzami ya zo da zabirarsa. Ya ɗaga rigar Kaka ya dubi bayansa, duk tabon ƙaho, haƙarƙari a fili. Ya mayar da rigar, ya ce wa Baffa shi jini yake tsotsa, kuma bai ga inda zai same shi a nan ba, a nemi wani. Baffa ya fara ɗaga murya yana kawo maganar likitan Bature. A nan Kaka, wanda wata biyar bai yi ƙorafi ba don kada a ji kansu a waje, ya ɗago kai a gaban baƙi ya ce, "Wahabu, ba jini ne ya yi mini yawa ba. Yunwa nake ji." Baffa ya yi dariya ya ce tsufa ne, ya shige duba tuya. Da rana aka raba naman ragon Mumuni ƙarami gida gida, Mumuni babba aka kai masa dokunu.

Gwaggo, ke kika goye Wahabu, ke kaɗai yake jin nauyi a duniya. Ki biyo ayarin farko ki zo. In gwiwa ta hana, ki aiko takarda zuwa ga Liman Jibirin, ba zuwa gare shi ba, ki ce a mayar da cin Kaka tukunyar Inna, saƙon mahauta kuma a miƙa shi hannunta. Yadda na gan shi a gindin mangwaron nan, ban ga zai kai azumi a kan dokunu ba.

Ki gaishe mini da Malam Awalu, da Memuna da mijinta, da Ayishatu ƙarama. Inna tana gaishe ki gaisuwa mai yawa. Na san Baffa zai aiko miki cewa ƙarya nake yi, don haka kada ki tsaya ga maganata. Liman Jibirin yana wurin, shi ya ɗauki wuƙar. Garuba wanzami yana wurin, da Seini mahauci mai kawo hanta, wanda sai ranar ya san wa yake ciyarwa. Ki tambayi duk wanda kika ga dama a cikinsu.

Wassalam. Ni ne ɗanki, Rafi'u ɗan Sulemana.