Sunan Da Ba Ka Faɗa Wa Oga Ba

Zuwa ga Malam, mijina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya sa kana cikin rahama, na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu ɗan aiken da ke zuwa inda kake, ko da akwai ma na san halinka, da ka ga rubutun ya yi tsawo za ka ce in ajiye sai ka sha shayi. Amma dole in rubuta, don abin da ke cikina ba na iya gaya wa mai rai.

Gida lafiya. 'Yarmu Zainab ta koma makaranta, ɗanmu Umar kuwa har yanzu in na yi masa Hausa da Turanci yake amsa min, kamar yadda ka bar shi. Hukumar unguwa, Council, sun turo mutum ya gyara hitar ɗumama ɗakin da ka yi ta kai ƙara a kanta tun bara. Hajiya Memuna, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ita ke yi min cefane a kasuwar Woolwich tunda ina takaba, kullum sai ta sayo attaruhu fiye da yadda na ce. Ƙanena Aminu kuma yana nan inda yake, a kurkuku. Saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ka tuna ɗakinmu na farko nan Turai, a unguwar Abbey Wood, lokacin da ka zo karatun digirin dakta? Ni ko tarihin garinmu Funtuwa ban sani ba, ka zaunar da ni gaban tafireta ka ce ni zan buga maka tarihin sarakunan Turai. Da yatsu biyu na fara, kana tsaye a kaina kana cewa na cika gudu kamar mai tsince shinkafa. A nan na san an yi sarakunan da suka ce Allah ne ya naɗa su, don haka babu majalisa, babu alƙalin da ya isa ya tambaye su. Na san an yi ƙasar da talaka dole ya sayi gishirin sarki da tsada, ko yana buƙata ko ba ya buƙata. Na san an yi shekarun da manoma suke cuɗa dusa da ciyawa su gasa su ba 'ya'yansu, ga masu karɓar haraji a bakin ƙofa. Kuma takarda ɗaya mai hatimin sarki ta isa a kulle mutum ba shari'a, har 'yan'uwansa su gaji da tambaya. Ban taɓa gaya maka ba, ranar da na buga babin yunwar nan sai da na shiga banɗaki na yi kuka. A lokacin nan ba ni da gwani a duniya sai kai.

Abin da ya fi ba ka dariya shi ne tashin sarkin Faransa daga barci. Ka ce kowace safiya manyan hakimai suke yin layi a ɗakin kwanansa, ana gaba da juna a kan wa zai miƙa masa riga, wa zai riƙe masa kyandir. Har kwaikwayonsu kake yi da tawul, kana rusunawa kana ja da baya, ina dariya har cikina ya ƙulle. Daga nan sai ka daina dariya, ka ce min ba muguntar sarki kaɗai ta ci ƙasar ba. Ka ce waɗancan na bakin gado sun san yunwar da ake yi, kowannensu yana da ƙauye ko ɗan'uwan da ke kuka, amma babu mai yarda ya ɓata wa sarki safiya, don kada gobe a ba wani rigar. Ka ce shirunsu ne ya tara fushin da ya zo ya fashe daga baya. Wannan shafin ka yi ta sake shi ina sake bugawa har na haddace.

Ba ni kaɗai ka koya wa ba. Da muka je gida hutu, Aminu yana kwalejin horon malamai, yini yake a gindinka a zaure yana sauraro. Inna, mahaifiyarmu, har tsokanarsa take wai ya sami sabon uba. Shekaru suka wuce, sojoji suka ƙara kuɗin mai, albashin malamai ya ƙi fitowa, Aminu ya shige gaba malaman makarantarsu suka fita titi. Aka zo aka ɗauke shi a gaban ɗalibansa. Ba kotu, ba lauya, sai wata doka da ta ce a tsare shi har sai yadda hali ya yi. Da labarin ya iso mana, kai da bakinka ka ce wannan ai takardar sarkin nan ce ta dawo cikin kakin soja.

A lokacin ka gama karatu, aikin koyarwa ya ƙi samuwa, kana raka marasa lafiya 'yan gida asibitocin Marylebone kana yi musu tafinta. Ta nan ka haɗu da Oga, ɗaya daga cikin manyan sojojin da ke juya ƙasar, mai ciwon ƙoda da yake yawan zuwa ganin likita. Ya ɗauke ka ɗan gida. Kai ke tarbo shi a filin jirgi, kai ke yi masa booking na ganin likita, kai ke riƙe masa babbar riga in likita zai duba shi. Wallahi ban taɓa ganin laifinka a wannan ba, yara za su ci abinci. Abu ɗaya na roƙe ka, na ce ka faɗa masa sunan Aminu.

Ka ce min ka faɗa. Zuwansa na farko ka ce ya girgiza kai ya ce za a duba. Na biyu ka ce ya rubuta sunan a 'yar takarda ya sa a aljihun gaba. Aljihun gaba, Malam! Har aljihu ka ƙirƙiro min. Daga baya ka ce sai bayan sallah, sannan ka ce akwai wani gwamna da ke kawo cikas. Duk abin da ka faɗa sai in ɗauka a kaset in aika wa Inna da mai tafiya gida. Tsohuwar nan idonta ya kusa tafiya, amma duk amsar da za ta aiko, da sa maka albarka take farawa.

Sai ga shi ka yanke jiki ka faɗi a tashar jirgin Woolwich, ko sallama ba mu yi ba. Kafin a fita da kai, liman ya aiko ciki ya ce in yafe maka. Na ce na yafe maka duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa.

Ranar sadakar bakwai wani manjo, dogarin Oga, ya zo ta'aziyya a madadinsa, don Oga yana kwance a asibiti. Ya gama da maza a falo, ya nemi ya gaisa da ni, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki kansa a ƙasa. Ka san yadda ake yi, kowa sai ya faɗi alherin mamaci. Ya ce Oga ya yi rashi, don kowa in ya matso kusa da shi da buƙata yake zuwa, wannan kwangila, wancan a sako masa wani. Sannan ya ce, "Amma Dakta, Hajiya, tunda yake tare da Oga bai taɓa roƙonsa komai ba, ko sunan mutum ɗaya bai taɓa kawo masa ba. Shi ya sa Oga yake ƙaunarsa."

Matan da ke ɗakin suka yi ta cewa Allahu akbar, mutumin kirki. Na ce masa na gode, na ce Allah ya ba da lada, ban san yadda maganar ta fito ba. Bawan Allahn nan yabonka ya zo yi, bai san me ya kawo min ba.

Haba Malam. Me ka ji tsoro? Ya ɓata fuska? Ya kira wani ya riƙe masa rigar? Ni ban ce da ka faɗa da an sako Aminu ba, wataƙila da Oga ya yi banza da kai. Da ka dawo ka ce min Rabi na kasa, bakina ya yi nauyi, da na yi fushi na kwana biyu na huce, na nemi wata hanya. Hanyar ma ai ta zo har gida. Ka manta mutanen nan masu fafutukar 'yan kurkuku, da suka nemi hoton Aminu su sa a jarida su ɗaga a ƙofar ofishin jakadanci? Kai ka hana ni. Ka ce hayaniya za ta ɓata maganar da Oga yake kai. Na mayar da hoton cikin akwati, na ba su haƙuri, har ina jin kunyar na kusa yi maka ɓarna. Wannan ne ba na iya haɗiyewa. Ba ka yi magana ba, ni ma ka rufe min baki, yaron da ya ɗauki karatunka da gaske yana can yana ruɓewa. Ka ci amanata, ka ci amanar Aminu, ka ci albarkar da Inna take sa maka.

Manjo ya ce ƙarshen makon nan za su koma gida. Na tambayi matar liman, ta ce mai takaba tana iya fita in lalura ta kama. Gobe da safe Hajiya Memuna za ta raka ni, mu shiga jirgi zuwa Charing Cross, mu hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa asibitin. Zan ce na zo godiyar ta'aziyya, na san saboda kai za su bar ni in shiga. In na tsaya a gabansa zan ce Aminu Lawal, malamin makaranta a Funtuwa, ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ina jin tsoro. In ya juya min baya, daga can ba gida zan dawo ba, wurin masu fafutukar nan zan wuce.

Inna ba zan gaya mata ba. Gara ta ci gaba da yi maka addu'a, kana buƙatarta. Yafiyar da na yi maka kuma ban janye ba, ba na so a tsare ka a can saboda ni, na san zafin a tsare mutum. Amma a lokacin ban san abin da nake yafewa ba, yanzu na sani, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce zuciyata ta sauka ba. Sai ranar da na ga Aminu a tsakar gidan Inna.

Allah ya jiƙanka, Malam. Ka huta lafiya.

Matarka, yayar Aminu,
Rabi