Karfasar da ta ƙi cin abinci

Daren Laraba, bayan isha'i, Talata Mafara.

Alhamdu lillahi, yau zan yi barci. Kwana tara ke nan ɗaya daga cikin karfasata biyu ba ta taɓa abinci ba, maƙogwaronta kuma ya kumbura. Na bi duk umarnin ɗan littafin da Baturen aikin dam ya bar mini tare da akwatin gilashin da nake kiwon kifin a ciki: na sauya sulusin ruwan, na auna dusa da ƙaramin cokali. Babu canji. Matata Hajara ta ce gara ta soya ta tun da sauran nama, na kuwa yi alkawarin sallamawa ranar Juma'a.

Da la'asar Ɗanbaba masunci, wanda ya kamo mini su a tafkin Bakolori, ya amsa kirana. Bayan gaisuwa ya duƙa ya dubi karfasar, sai ya fashe da dariya.

"Malam, mi littafin naka ya ce?"

"Ya ce rashin ci alamar cuta ce."

"To, mai littafin bai taɓa jefa komar kamun kifi ba. Goyo ta ka yi, ɗiyanta na cikin baki. Kai ka iya cin tuwo da jinjiri bisa harshe?"

Muka ja baya muka zuba wa karfasar ido. Can sai ta buɗe baki, 'yan mitsi-mitsi suka fito kamar tsakin shinkafa. Na matsa in ƙirga su, ta zuƙe abinta gaba ɗaya.

Na rubuta da fensir a gefen shafin littafin: "Ban da mai goyo." Hajara ta mayar da kaskonta. Sai dai littafin ya ce kifi biyar kaɗai akwatin yake ɗauka. Gobe zan fara lallashinta ta bar mini babbar randa in zuba 'ya'yan.